Muhawara: Masauki, abinci da abin sha a Puerto Escondido ga mai tafiya da iyali

Bakano a Houston:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawarar duk wanda ya taɓa zuwa garin Puerto Escondido da ke gaɓar Tekun Fasifik, a jihar Oaxaca ta ƙasar Meziko. Na samu hutun kwana goma a watan Fabrairu, kuma ina so in tafi da maiɗakina da yaranmu biyu da mahaifiyata, wadda ta zo mana ziyara daga gida. Wani abokin aikina ɗan ƙasar ya ce mini garin ba shi da hayaniya irin ta Cancún, sanannen garin shaƙatawa na ƙasar, domin asalinsa garin masunta ne kuma har yanzu jama'arsa ba sa gaggawa a rayuwarsu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne unguwar da ya kamata mu sauka, da abincin da za mu ci hankalinmu kwance a matsayinmu na Musulmi, da kuma abin da za mu sha a garin da na ji an ce giya ta yi yawa. Hajiyarmu tana fama da ciwon gwiwa, saboda haka ina roƙon a sa wannan a cikin lissafi.

Hajiya ta Montreal:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Sau biyu na je garin tare da maigidana, kuma abu na farko da zan faɗa maka shi ne abokin aikinka ya yi gaskiya, amma ba gaba ɗaya ba, domin kwanciyar hankalin garin ta danganta da unguwar da mutum ya kwana. Sunan garin a Sifaniyanci yana nufin ɓoyayyiyar tashar ruwa, sai dai yau babu sauran ɓuya, musamman tun da aka buɗe sabuwar babbar hanya daga birnin Oaxaca a watan Fabrairun 2024, wadda ta mayar da tafiyar da a da ake kwashe awa shida zuwa bakwai ana yi a cikin duwatsu ta koma kamar awa uku.

Wurin da ya fi suna shi ne Zicatela, doguwar gaɓa mai manyan igiyoyin ruwa wadda masu hawan igiya da allo suke zuwa dominta daga ƙasashe daban-daban. Kada ka kuskura ka bar yara su shiga ruwan nan, kuma kai ma kada ka shiga, domin yana jan mutum ciki da ƙarfi, har ƙwararrun masu iyo suna tsoronsa. Titin da ke bin gaɓar cike yake da wuraren cin abinci da mashaya, ana kiɗa har tsakar dare. Ga mai iyali, ni Rinconada zan zaɓa. Unguwa ce ta gidajen zama a yammacin tsakiyar gari, tana da titi guda mai shaguna da wuraren cin abinci a jere, da dare kuma sai ka ji tsit in ban da kukan ƙwari. A ƙasanta ne gaɓar Carrizalillo take, ɗan lungun teku mai ruwa a kwance inda yara za su iya wanka. Sai dai ga matsalar da ta shafi Hajiya: ana sauka wurin ne ta matakala sama da 150, kuma hawowa a cikin rana yana gajiyar da mai lafiya ma. Ita sai a kai ta Puerto Angelito, wadda ba ta da nisa, kuma tasi tana sauka har kusa da bakin ruwa, ga rumfunan ganyen kwakwa da za ta zauna a inuwa.

Matashi daga Maradi:
Ranki ya daɗe Hajiya, ban ƙi maganarki ba, amma ina ganin an bar La Punta a baya, alhali ita ce ta fi dacewa da abin da mutane suke nufi idan sun ce garin yana da sanyin hali. Tana can ƙarshen Zicatela ta gefen kudu, tituna da yawa na ƙasa ne, mutane suna yawo a ƙafa, kuma da yamma kowa yana fitowa bakin ruwa ya zauna ya kalli faɗuwar rana. Na yi mako biyu a can a ɗakin haya mai sauƙin kuɗi, kuma ban taɓa samun hutun da ya kai wannan ba.

Hajiya ta Montreal:
Ƙanena, kai kaɗai ka je, kuma kai matashi ne. Na je La Punta da yamma na ga kyanta, ba na musun hakan. Amma Malam zai tafi ne da dattijuwa da ƙananan yara, kuma unguwar matattarar samarin Turai da Amurka ce waɗanda suturarsu da shagulgulansu na dare ba abin da mutum zai so ya kwana da mahaifiyarsa a tsakiyarsu ba ne. Ƙari a kan haka, titunan ƙasar nan suna da wahala ga mai ciwon gwiwa, kuma tana da nisa da kasuwa. Su je da la'asar su kalli faɗuwar rana, su koma masaukinsu kafin isha.

Matashi daga Maradi:
Na yarda da batun dare, domin akwai daren da kiɗan maƙwabta ya hana ni barci har kusan asuba. Ban yi la'akari da Hajiya ba lokacin da na yi maganar.

Ɗalibi a Puebla:
Assalamu alaikum. Shekarata uku ina karatu a Meziko, kuma na je Puerto Escondido sau da dama da abokan karatuna. Zan yi magana a kan abinci, domin a nan ne baƙo Musulmi yake faɗawa cikin abin da bai sani ba. Naman alade da ake gani a faranti ba shi ne matsala ba, tunda kowa zai iya kauce masa. Matsalar ita ce man alade, wanda suke kira manteca, domin yana shiga abincin da ko kusa ba za ka zarga ba. Dafaffen waken da ake murƙushewa a soya, wanda ake sa wa a gefen kusan kowane faranti, sau da yawa da shi ake soya shi. Tamales, wato ƙullin masarar da ake naɗewa a ganyen ayaba ko ɓawon masara a turara kamar alala, da shi ake kwaɓa shi bisa al'ada ko da abin da aka cusa a ciki kaza ce. Waina ta fulawa, wato tortilla ta alkama, ita ma ana yawan sa mata shi. Ita kuwa tortilla ta masara, wadda ita ce abincin yau da kullum a Oaxaca, masara ce da aka dafa da ruwan farar ƙasa aka niƙa aka gasa a kasko ba tare da mai ba, saboda haka ka ci ta yadda kake so.

Abincin da jihar ta fi alfahari da shi shi ne tlayuda, babbar tortilla mai faɗin faifai wadda ake gasawa a garwashi a zuba mata wake da cukuinsu mai zare da ake kira quesillo da kabeji da nama. Kafin a zuba komai, ana fara shafe ta da asiento, wanda shi ne ragowar kitsen alade da ke kwanciya a gindin tukunya bayan an soya fata. Idan ba ka hana ba, za a shafa, domin a wurinsu tlayuda ba ta cika sai da shi. Ka koyi waɗannan kalmomi ka riƙe su: sin asiento, sin manteca, sin puerco, wato ban da asiento, ban da man alade, ban da naman alade. Sannan ka tambaya ko waken da mai aka yi shi ko da manteca. Mutanen wurin ba sa jin haushin tambaya, tunda sun saba da baƙi masu ƙin cin nama. A kula kuma da sunayen nama: tasajo naman sa ne da aka yanka fale-fale aka sa masa gishiri, amma cecina mai jan barkono a Oaxaca ta alade ce, haka ma chorizo.

Hajiya ta Montreal:
Wannan magana ta taɓa ni, domin ni kaina abin ya faru da ni a zuwana na farko. Na nemi tlayuda ba nama a wani wurin cin abinci, na ci na ji daɗinta, sai washegari matar da muka sauka a gidanta take bayyana mini yadda ake haɗa ta. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kwana ina istigfari, ko da yake na san Allah ba ya kama bawa da abin da ya yi cikin rashin sani. Ba laifin masu abincin ba ne, domin na ce musu ban da nama ne kawai, su kuwa ba sa ɗaukar kitse a matsayin nama.

Bakano a Houston:
Na gode ƙwarai, wallahi da ban tambaya ba da na kai iyalina sun ci abin da ba mu sani ba. To, yaya batun kaza da naman sa, tunda yawancin mutanen ƙasar Kiristoci ne?

Malam Bazazzage:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wannan mas'ala ce da malamai suka yi saɓani a kanta. Aya ta biyar a Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ma'abota Littafi, kuma akwai malaman da suka tsaya a kan wannan suka ba da sauƙi ga matafiyi. Akwai kuma waɗanda suka ce sharaɗin shi ne dabbar ta kasance an yanka ta yanka na gaskiya, alhali baƙo ba shi da hanyar sanin yadda mahauta suka kashe ta. Ba zan yanke maka hukunci a nan ba, ka tambayi malamin da ka amince da shi a inda kake. Abin da zan ce shi ne, kai Allah ya hutar da kai daga wannan saɓani, domin bakin teku za ka je. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muke bi, duk abin da ke rayuwa a teku halal ne kuma ba ya bukatar yanka, kifi ne ko jatanlande. Mutumin da zai yi kwana goma a garin masunta ba shi da dalilin damun kansa da naman sa.

Ɗalibi a Puebla:
Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne, kuma kifin wurin ya isa ya mantar da mutum nama. Da sassafe masunta suna dawowa da kwale-kwalensu a Playa Principal, wato babbar gaɓar da ke tsakiyar gari, ana sayen kifin da ya kwana a ruwa kai tsaye daga hannunsu. Za ka samu huachinango, wani jan kifi mai farin tsoka, da dorado da tuna. A wurin cin abinci ka nemi a yi maka shi a la plancha, wato a gasa a kan ƙarfe, ko al mojo de ajo, wato a soya da tafarnuwa, ko a la talla, inda ake tsaga kifin biyu a shafe shi da jajjagen busasshen barkono a gasa a garwashi. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi kusa da gasasshen kifin da muka sani a gida, kuma ina jin Hajiya za ta so shi. Inda za a yi hattara shi ne kifin da aka tsoma a ƙullin fulawa aka soya, irin wanda ake sa wa a tacos, wato tortilla da ake naɗe abinci a ciki, saboda wasu masu girki da giya suke dama ƙullin. Akwai kuma ceviche, ɗanyen kifi da ake jiƙawa a ruwan lemun tsami da albasa da tumatir. Halal ne, amma wuta ba ta taɓa shi ba, don haka ni ba zan ba yara da dattijuwa shi a garin zafi ba, sai a wurin da na ga ana ciniki sosai kuma da rana tsaka, ba da yamma ba.

Uwar Yara a Kaduna:
Ni ban taɓa zuwa Meziko ba, amma na yi tafiye-tafiye da yara da surukata, kuma ina ganin amsar duk wannan ita ce ku kama gida mai ɗakin girki maimakon otal. Maiɗakinka ta sayi kifi da shinkafa da tumatir da barkono ta dafa da hannunta, babu tambayar kowa, babu zargi. Dattawanmu ba sa jure baƙon abinci fiye da kwana biyu.

Bakano a Houston:
Yaya, maganarki tana da hujja, sai dai ita ma maiɗakin nawa hutu za ta je yi. Shekara guda tana aiki a asibiti tana kuma girka wa gida, ba zan so in ɗauke ta daga wani murhu in kai ta wani ba.

Hajiya ta Montreal:
Allah ya yi maka albarka da wannan tunani, Malam. Ni ina tsakiyar ku biyu. Ku kama gida mai ɗakin girki saboda shayin safe da ƙwai da abincin Hajiya idan cikinta ya ƙi na waje, amma abincin rana ku ci a bakin ruwa, domin wanda ya je Oaxaca bai ci abincinta ba ya yi asarar rabin tafiyar. Kuma akwai abubuwan da za ka tambaya kafin ka biya kuɗin gida. Ka tabbatar ɗakin Hajiya a ƙasa yake, domin garin a kan tudu aka gina shi kuma gidaje da yawa benaye ne marasa lif. Ka tabbatar akwai na'urar sanyaya ɗaki a ɗakunan kwana ba fanka kaɗai ba, saboda zafin wurin mai laima ne, ba irin busasshen zafin da muka saba da shi a Damagaram ko Kano ba. Ka duba ko tagogi suna da raga, domin akwai sauro kuma ana samun zazzaɓin dengue a yankin. Watan da ka zaɓa yana da kyau, rani ne, ruwan sama ba ya sauka sai wajen Mayu ko Yuni zuwa Oktoba, kuma ka kauce wa cunkoson ƙarshen Disamba da na makon Ista lokacin da kuɗin masauki yake tashi.

Sannan ka kai Hajiya kasuwar Benito Juárez da safe. Za ta ga mangwaro da gwanda da abarba da busasshen barkono iri-iri, kuma za ta ga abin da zai ba ta mamaki, wato soyayyar fara a cikin kwanduna. Chapulines suke kiranta, ana gasa ta da gishiri da tafarnuwa da lemun tsami da barkono, ƙanana ne a kan tamu amma ɗanɗanon bai yi nisa ba. Na tsaya a gaban mai sayar da ita na daɗe ina kallo, domin ban taɓa zaton zan tsallaka teku in tarar da mutanen da ke cin fara kamar mu ba.

Ɗalibi a Puebla:
Irin wannan mamakin yana jiran ta a wajen abin sha ma. Abin da ake kira agua de jamaica zoɓo ne sak, sai dai ba sa sa masa citta da kanumfari kamar namu. Agua de tamarindo ruwan tsamiya ne da sukari. Horchata kuwa ruwan shinkafa ne da kirfa, fari tas, yana kama da kunun aya a ido. Ana samun waɗannan a kusan kowane wurin cin abinci, don haka babu ranar da za ku rasa abin sha. A bakin ruwa ana sare ɗanyar kwakwa mai sanyi a sa maka tsinken sha, idan ka shanye a fasa a ba ka tsokar da lemun tsami da barkono. Mai son gahawa ya nemi ta Pluma Hidalgo, wani gari a kan duwatsun da ke bayan gaɓar, kuma ai shi kansa Puerto Escondido tashar fitar da gahawa ne tun kafin masu yawon buɗe ido su san da shi. Da safe akwai cakulan mai zafi da ake kaɗawa da ruwa ko madara, wanda yara za su so.

Abin da za a guje masa shi ne mezcal, barasa mai ƙarfi da ake yi da tsiron agave, kuma Oaxaca ce cibiyarta. Wasu wuraren suna kawo wa baƙo ɗan kofi kyauta don karramawa, sai ka ce no tomo alcohol, gracias, wato ba na shan barasa, na gode. Michelada tana kama da ruwan tumatir mai barkono amma giya ce a ciki. Tepache kuma ruwan ɓawon abarba ne da aka bari ya yi tsami har ya fara zama giya, ni ba na shan sa. Ruwan famfo ba a shan sa ko kaɗan. Mutanen gari da kansu babbar gora mai lita 20 suke saye, garrafón suke ce mata, kuma yawancin gidajen haya suna ajiye ta.

Matashi daga Maradi:
Ina da tambaya ga Malam. Kusan duk wurin cin abincin da ke bakin ruwa ana sayar da giya, kuma mutanen teburin da ke kusa da kai suna sha. Lokacin da nake can abin ya dame ni, har wani lokaci nakan sayi abinci in koma ɗaki. Shin zama a irin wurin ya halatta?

Malam Bazazzage:
Ɗana, hanin da ya zo a hadisi a kan zama ne a teburin da ake shan giya a kansa. Wurin da asalin sana'arsa abinci ne, kai kuma kana teburinka da iyalinka babu giya a gabanku, malamai da dama sun sauƙaƙa wa matafiyi a kansa idan bai samu wani ba. Wurin da asalinsa mashaya ne kuwa, wannan a nisance shi. Kuma lokaci yana taimakawa, domin rumfar da take wurin cin kifin iyalai da azahar tana iya zama wani abu dabam bayan magariba. Ku ci babban abincinku da rana, wanda na ji an ce shi ne ma al'adar mutanen ƙasar.

Ɗalibi a Puebla:
Haka ne, Malam, babban abincinsu tsakanin ƙarfe 2 zuwa 4 na yamma suke ci. A tsakiyar gari akwai ƙananan gidajen abinci da ake kira comedor, inda ma'aikata da 'yan kasuwa suke ci, sun fi na bakin ruwa araha nesa ba kusa ba, kuma mai girkin tana nan a gabanka za ka iya tambayarta abin da ta sa. A wuraren da ake kawo maka abinci a tebur ana barin ihsani na kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na kuɗin abincin. Ka riƙe tsabar peso, wato kuɗin ƙasar, a hannu, domin kasuwa da tasi da ƙananan wurare ba sa karɓar kati. Game da salla, ni ban ga masallaci a garin ba, a ɗaki nake yin tawa, alƙibla kuma tana arewa maso gabas.

Bakano a Houston:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na karanta wa Hajiya abin da kuka rubuta, kuma batun fara da zoɓo ne ya fi faranta mata rai. Mun yanke shawarar neman gida mai hawa ɗaya a Rinconada, mai ɗakin girki, za mu riƙa cin kifi da rana a Puerto Angelito, mu je La Punta sau ɗaya da la'asar. Saura tambaya guda: yaran suna ta maganar kunkurun teku da suka gani a hoto, shin akwai inda Hajiya ma za ta iya zuwa ta gani ba tare da ta wahala ba?

Hajiya ta Montreal:
Akwai, kuma kusa da ku ne. A gaɓar Bacocho, wadda take gaba kaɗan da Rinconada, masu aikin kare kunkuru suna sakin 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe da yamma kafin faɗuwar rana, ana ba da ɗan taimakon kuɗi, a miƙa wa yaro ɗan kunkuru a cikin ƙoƙo ya ajiye shi a kan yashi ya kalli yadda zai rarrafa zuwa ruwa. Mota tana sauka har ƙasa, amma akwai ɗan tattaki a cikin yashi mai laushi, saboda haka ku tafi da kujerar ninkewa, kuma ka riƙe hannun Hajiya. Ruwan Bacocho ma yana da ƙarfi, a tsaya a kan yashi kawai. Ku tambayi mai gidan da kuka sauka da safe ko za a yi sakin a ranar, domin ya danganta da ƙwan da suka ƙyanƙyashe.